Yadda Ake Shawo Kan Gansakuka a Tankin Kifin Ado

Tun da na fara ajiye kifin ado a falo, babu tambayar da ta fi yawan zuwa mini kamar wannan: "Malam, na wanke tankina tas ranar Asabar, yau Laraba ga gilashin ya sake yin kore. Wane magani zan saya?" Wani ya turo hoto, ruwan ya koma kamar miyar kuka, ko kifin ba a gani. Wani kuma duwatsun ne suka tsiro da gemu. Amsata ba ta cika yi wa masu tambayar daɗi ba, domin babu sunan magani a cikinta. Gansakuka haske take nema da taki, kamar kowane tsiro. In ta cika maka tanki, ɗayansu ne ya yi yawa, ko duka biyun, kuma galibi da hannunka kake ba ta. Ka kankare gilashi ka bar fitila tana ci har tsakar dare, kana watsa abinci kamar mai ba kaji dawa, ai ka kashe maciji ne ba ka sare kansa ba.

Matakan nan a jere suke, kuma jerin yana da dalili, don haka kada ka tsallake zuwa na goma. Zan riƙa misali da tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 30. Ka ninka ukun ka raba da 1,000, za ka samu lita 54. Yi wa naka wannan lissafin tun yanzu, duk awon da ke gaba a kansa ya dogara.

Kayan aiki da abin da za su ci maka

Yawancinsu suna cikin gida: bokiti biyu da ba su taɓa ganin sabulu ko omo ba, tiyo siriri kamar mita ɗaya da rabi, sabon soso, sabuwar reza, tsohon buroshin goge haƙori da aka ɗauraye sosai, tsohon katin ATM, da kwali ko baƙin ƙyalle. Ka rubuta "kifi" a jikin bokitan, in ba haka ba wata rana za ka tarar an jiƙa wanki a ciki.

Na saye guda uku ne: maganin kashe kulorin (sinadarin da ake sa wa ruwan famfo), takardun gwajin ruwa masu nuna naitiret (takin da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi), da taima, wato na'urar da ke kunna fitila ta kashe da kanta. Su ne suka cancanci kuɗinka. Fitilar UV, mai hasken da ke kashe ƙananan halittun cikin ruwa, ta fi su tsada, kuma iri ɗaya kawai na gansakuka take wa aiki, sai ka bar ta tukuna. Kwalaben "maganin gansakuka" da ke jere a shago kuwa, su ne suka fi cinye kuɗin mutane a banza, don kowane wata sai an koma an sayo.

1. Fara gane wace iri ce

Kafin ka sa hannu a ruwa, tsaya ka duba. Ba duka ake yi wa abu ɗaya ba.

Akwai mai ruwan ƙasa, wadda take kwanciya kan gilashi da ganye kamar ƙurar hunturu a kan mota, da ka shafa da yatsa ta fita. Wannan ta sabon tanki ce. Takan bayyana a makonnin farko, ta tafi da kanta cikin wata biyu zuwa uku idan tankin ya zauna. Gogewa kawai take so da haƙuri. Mutane da yawa a nan suke fara ɓata lamarin, su ga ƙura su tayar da tanki gaba ɗaya.

Akwai ɗige-ɗigen kore masu tauri a jikin gilashi, waɗanda soso ba ya iya musu sai reza. Alamar haske ya yi yawa ke nan. Haka ma mai zare, doguwa kamar gashi, da take nannaɗe shuke-shuke.

Koren ruwa kuma daban ne. Ƙananan halittu ne da ido ba ya ganin ɗayansu, suna yawo a cikin ruwan kansa, ba su manne da komai ba. Rana ce ta fi kawo shi, musamman in ta haɗu da ƙazantar kifi mai yawa. Ka canza rabin ruwan yau, jibi ya dawo kamar ba ka yi ba, saboda 'yan kaɗan da suka rage suna ninkuwa da sauri.

Sai baƙin gemu: tukkaye gajeru, baƙi ko ruwan toka, a bakin ganye, kan itace, da bakin bututun matata, wato na'urar tace ruwan tanki. Shi ya fi taurin kai, ba ya ciruwa da ja, kuma yawancin kifaye ba sa kallonsa. Yakan samu gindin zama a tankin da datti ya daɗe yana taruwa.

Ta ƙarshe ita ce mai yauƙi, kore mai sirkin shuɗi, da take shimfiɗuwa kan tsakuwa kamar tabarma, in ka ɗaga ta taso a faifai guda tana warin kududdufi. A gaskiya wannan ƙwayoyin bakteriya ne masu rayuwa da haske. Babu kifin da zai cinye maka ita, kuma tana son lungun da ruwa ba ya motsi.

In 'yar kore ce kawai a gilashin baya ko kan dutse ɗaya, ni dai ƙyale ta nake yi. Ba ta cutar da kifi, wasu ma suna kiwo a kanta.

2. Gyara haske

Rabin aikin yana nan. Fara da rana: in hasken taga yana sauka kan tankin kai tsaye, ko da na awa ɗaya ne, babu abin da za ka yi a gaba da zai ɗore. Ka canza masa wuri, ko ka sa labule mai kauri, ko ka manna baƙin kwali a bayansa da gefen da ke kallon tagar.

*Gargaɗi:* kada ka ja tanki da ruwa a ciki. Lita 54 kilo 54 ne, ban da tsakuwa da gilashi, kuma ɗan murɗawa kaɗan ya isa ya buɗe haɗin gilashin. Kwashe kifin da ruwan a bokitai, ka matsar, ka mayar.

Sai fitila. In kana da shuke-shuke masu rai, ka tsaya a awa 6 a rana na tsawon wata guda, daga baya ka ƙara rabin awa a kowane mako har ka kai 8. Kada ka wuce nan. In kuwa furannin roba ne a ciki, fitilar don idonka ce kawai, kifi hasken ɗaki ya ishe shi. Kunna ta lokacin da kuke zaune a falo, awa 3 ko 4.

Ga inda matsalarmu ta bambanta da ta wasu ƙasashe. Saboda ɗauke wuta, da yawa suna barin makunnin a kunne, duk sanda aka kawo wuta fitilar ta kama. Sai a kawo ƙarfe ɗaya na dare, kowa na barci, ta ci har gari ya waye, gansakuka ta sha shagalinta, kifin kuma bai huta ba. Taima ce maganin wannan, amma ka lura da irin da za ka saya. Mai juyawa kamar agogo tana tsayawa da zarar an ɗauke wuta, in an dawo da ita sai ta ci gaba daga inda ta tsaya, cikin kwana biyu lokacinta ya rikice. Nemi mai lambobi da ƙaramin batir a ciki. In babu halin saye, ɗaura abin a kan sallah: kunna bayan la'asar, kashe wajen ƙarfe goma in za a kwanta. In babu wuta a wannan tsakanin, ranar ta wuce, ba a ramuwa.

Fitilar da ta cika ƙarfi kuma, ɗaga ta sama kaɗan, ko ka rufe wasu ƙwayayenta da baƙin salatef.

3. Rage abinci, ƙirga kifi

Duk ƙwayar abincin da ta shiga tanki taki ce, ko kifi ya ci ya kasayar, ko ta nutse ta ruɓe. Ba su abin da za su cinye cikin minti 2, sau ɗaya ko biyu a rana. In bayan minti biyun kana ganin saura a ƙasa, ya yi yawa, gobe ka rage. Ka ware rana ɗaya a mako da ba za ka ba su komai ba. Babu abin da zai same su. Kifi kullum yakan taso bakin gilashi kamar wanda ya kwana uku bai ci ba, kada wannan ya yaudare ka.

A gidan da ke da yara, ɓoye gwangwanin abincin ka sa mutum ɗaya ya riƙa bayarwa. Burodi, tuwo da shinkafa ba su da wuri a tanki. Abincin tarwada na masu kiwo yana da arha, na sani, amma an yi shi ne don kifi ya yi saurin ƙiba a tafkin da ake sauya wa ruwa a kai a kai. A ƙaramin tankin falo ɓata ruwa yake yi.

Sannan ƙirga kifinka. A lita 54, ƙananan kifin nan da ake kira gofi guda goma ba laifi. Jan kifin nan golfish kuwa ko biyu sun yi masa yawa in suka girma, don ba su da aiki sai ci da kashi. In ƙirgar ta nuna ɗaya ya ɓace, nemo gawarsa a bayan duwatsu yau ɗin nan.

4. Cire abin da hannu zai iya cirewa

*Kafin komai:* zare duk filogin da ke haɗe da tankin. Hannu a ruwa da waya mai wuta ba sa haɗuwa.

Ana kankarewa ne kafin a zuƙe ruwa, don abin da ya faɗo ya fita tare da shi. Bi gilashin da soso daga sama zuwa ƙasa. Ɗige-ɗigen da suka ƙi fita, kwantar da reza ka tura a hankali, amma ka nisanci kusurwa, inda gam ɗin da ya riƙe gilashin yake. Ka yanke shi, tanki ya fara yoyo. In tankinka na roba ne mai kama da gilashi, reza za ta zane shi har abada, katin ATM za ka yi amfani da shi. Soson ƙarfe babu shi a wannan aikin. Kuma ka kula kada ƙwayar yashi ta shiga tsakanin soso da gilashi, ita ma zane take bari.

Mai zare, soka buroshi a ciki ka murɗa kamar mai naɗe taliya a cokali, sai ka ɗaga. Mai yauƙi, zuƙe ta da tiyo kai tsaye, kada ka farfasa ta ta bazu. Ganyen da baƙin gemu ya kama, yanke shi daga tushe, ba zai gyaru ba.

Duwatsu da kayan ado, fito da su ka goge da buroshi a bokiti, ka shanya su a rana kwana biyu. Ranar garinmu kyauta take wannan aikin. In sun yi muni ƙwarai, furannin roba da duwatsu masu santsi za a iya jiƙa su minti 15 a ruwan bilic: kashi 1 na bilic marar turare, kashi 19 na ruwa. Bayan nan ɗauraye sau da yawa, jiƙa a ruwan da ka zuba wa maganin kulorin fiye da kima, ka shanya har warin ya ɓace ƙaf.

*Gargaɗi:* kada ka sa itace ko dutse mai ramuka a bilic, suna shanye shi su sake shi cikin tanki daga baya. Kada kuma ka gauraya bilic da wani sinadari, hayaƙin da zai tashi guba ne.

5. Canza ruwa, amma kaɗan-kaɗan

A nan ne ni ma na taɓa yin garin gyaran gira a rasa ido. Farkon fara ajiye kifina, da na ga kore sai in kwashe kifin, in zubar da ruwan duka, in wanke tsakuwa har ta yi ƙyalli, in cika da sabon ruwa. Kwana uku tanki kamar madubi. Cikin mako kifi biyu ko uku sun mutu, ƙurar nan mai ruwan ƙasa ta dawo, bayanta kore. Abin da ban sani ba shi ne, a jikin tsakuwa da soson matata akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke juya amoniyar kashin kifi, wadda guba ce, zuwa naitiret mai sauƙin illa. Kowane wankin tas kashe su nake yi, tankin ya koma sabo, ita kuwa gansakuka babu abin da take so kamar sabon tanki mai amoniya.

Abin da ya dace shi ne a cire kashi 25 zuwa 30 cikin 100. A tankin misalinmu lita 15 ke nan. Makonni biyun farko ka yi sau biyu a mako, daga nan sau ɗaya, a rana tsayayya. Cika tiyon da ruwa, toshe bakinsa da yatsa, sa ɗaya bakin a tanki, ka saki ɗayan a bokitin da ke ƙasa. Ba sai ka zuƙa da baki ba. Riƙa soka bakin tiyon cikin tsakuwa, za ka ga baƙin datti na fita. Shi muke nema, ba ruwan sama mai tsabta ba. Yau ka bi rabin ƙasan, wani karon sauran rabin. Ruwan da ka cire kuma kada ka zubar a kwata, kai wa shukar tsakar gida.

Ruwan da za ka mayar shi ne abin dubawa. Na famfo yana iya zuwa da kulorin. Ajiye shi a buɗaɗɗen bokiti kwana guda yana kore kulorin zalla, amma akwai nau'in da ake haɗawa da amoniya wanda ajiya ba ta kore shi, shi ya sa ɗigon maganin kulorin ya fi kwanciyar hankali. Na rijiya da burtsatse ba su da wannan matsalar, sai dai suna iya zuwa da tasu: rijiyar da ke kusa da salga ko gonar da ake zuba wa takin zamani takan ɗauko naitiret. Tsoma takardar gwaji a ruwan tun kafin ya shiga tanki. Abin da ake so a cikin tanki shi ne ƙasa da miligiram 20 a lita, in ya haura 40 akwai gyara. To in ruwan rijiyarka da kansa 40 yake nunawa, duk canjin da ka yi taki kake ƙarawa, sai ka nemi wani ruwan ko ka surka shi da mai tsabta.

*Gargaɗi:* taɓa ruwan biyu da hannu kafin ka zuba. Da bazara, ruwan tankin saman rufi da tsakar rana yakan yi zafin da zai galabaitar da kifi. Da sanyin hunturu kuma na waje ƙanƙara ne da safe. Ɗebo shi tun dare ya kwana a ɗakin da tankin yake.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare: cike gurbin ruwan da ya ƙafe a ɗauka an canza ruwa. Ruwa ne kaɗai ke tashi, dattin yana nan yana ƙara kauri. Da hunturu, da ruwa ke saurin ƙafewa, an fi faɗawa wannan tarkon.

6. Duba matata

Duk mako biyu zuwa huɗu, ciro soson matatar ka matse shi cikin ruwan da ka cire daga tanki, ba a bakin famfo ba. Ba a so ya yi fari, toshewar kawai ake cirewa. In ya tsufa, canza rabi, bayan wata guda ka canza sauran. Matatar da ta dace ita ce mai juya ruwan tankin sau 4 zuwa 5 a awa, wato kusan lita 250 a awa ga lita 54. A jikin kwalinta ake rubutawa. Juya bakinta ya kai motsi lungun da mai yauƙi ke taruwa.

In wuta ta daɗe ba ta zo ba, ruwan da ya kwanta a cikin rufaffiyar matata yakan lalace. Buɗe ka shinshina kafin ta sake tashi. In yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, zubar ka ɗauraye soson, kada ta tura shi cikin tanki. Ƙaramin injin iska mai batir yana ceton kifi da ƙwayoyin nan masu amfani a irin wannan rana.

7. Kulle tankin a duhu

Wannan na masu koren ruwa ne da masu mai yauƙi. Sauran ku wuce.

Canza kashi 30 na ruwa, kashe fitila, ka rufe ko'ina da kwali ko baƙin ƙyalle yadda ko ɗigon haske ba zai shiga ba. Kwana 3 zuwa 4. Ba leƙe, ba abinci. Matata da iska su ci gaba da aiki. Ranar buɗewa ka canza kusan rabin ruwan, ka matse soson matata, ka dawo da fitila a awa 6.

*Gargaɗi:* gansakukar da ke mutuwa tana cinye iskar da ke cikin ruwa, ruwan ɗumi kuma dama bai riƙe iska sosai. Kada ka yi wannan a makon da ba ka da tabbacin wuta ko injin batir, kuma da zafin bazara kada ka lulluɓe da bargo; kwali ya fi, ka bar kafar da iska za ta shiga ta sama.

Fitilar UV, wadda ruwa ke ratsawa ta cikinta, tana share koren ruwa cikin kwanaki, amma ba ta taɓa wadda ta manne a gilashi ko ganye. Kada ka kalli ƙwanta a kunne, yana lahanta ido.

8. Kawo mata kishiya

Shuka mai saurin girma tana cinye takin da gansakuka ke rayuwa a kai. Mafi sauƙi a wurinmu ita ce kainuwa. Tana yawo a sama, saiwarta tana tsotse naitiret, ganyenta yana yi wa ƙasa inuwa. Kada ka bari ta rufe fiye da rabin fuskar ruwan, duk mako ka kwashe rarar. Abin da ka kwashe ɗin datti ne ka fitar daga tanki. Ba ta son ruwa yana fantsama kan ganyenta, kuma golfish yana cinye saiwarta.

*Babban gargaɗi:* kainuwar kududdufi takan zo da ƙananan katantanwa, kuma wasu katantanwar ruwayenmu su ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ta fata take shiga jikin mutum. Ya fi ka karɓa daga wanda yake renonta a tanki. In dole sai ta waje, sa safar hannu ta roba, wanke ta, ka ajiye ta a bokiti daban na wata guda kana tsince katantanwa da ƙwansu, kana canza ruwan.

Dankalin Hausa ma yana wannan aikin. Rataya shi a bakin tanki yadda gindinsa kawai ke taɓa ruwa. Zai saki fararen saiwoyi ciki, ganye ya bi bango. In ya fara laushi, cire shi kafin ya ruɓe. Haka furen nan mai yaɗo da masu sayar da furanni ke kira mani filant: saiwa a ruwa, ganye a waje. A cikin ruwa kuma shuke-shuken da ake kira honwot da balisneriya suna da saurin girma. Anubiyas kyakkyawa ce amma a hankali take tafiya, ita ce ma baƙin gemu ya fi hawa, sai a ajiye ta a inuwa.

Rarar shukar da ka cire, shanya ta ta bushe ko ka zuba a taki. Ba a jefa ta a kogi ko magudana.

9. Masu cin gansakuka

Da gangan na kawo su nan ƙasa. Mai shago zai nuna maka ɗan kifin fileko kamar yatsa, manne da gilashi, ya ce shi ne "mai shara". Abin da ba zai faɗa ba: fileko na gama-gari yana wuce santimita 30, in ya girma yakan rage cin gansakuka, kashinsa kuma ya fi abin da yake sharewa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. In kana so, nemi ɗan'uwansa mai gashin baki, wanda ke tsayawa a santimita 12 zuwa 15, shi ma tankin da ya fi na misalinmu girma ya fi dacewa da shi.

Ga ƙaramin tanki, katantanwar nerait ta fi kowa: tana cin ƙurar ruwan ƙasa da ɗige-ɗigen gilashi, kuma ƙwanta ba ya ƙyanƙyashewa a ruwan daɗi, don haka ba za ta cika maka wuri ba. Biyu sun isa lita 54. Kifin moli yana tsinkar mai laushi. Kifin oto ɗan ƙarami ne, santimita 4 zuwa 5, gwani a kan ganye, amma a garke yake rayuwa, ba ya jure sabon tanki, kuma zafin ɗakunanmu da bazara yana wahalar da shi. Baƙin gemu kuwa, kifin da ake kira mai cin gansakuka na Siyam ne aka sani da cinsa, sai dai yana kai santimita 15. Kada a haɗa maka da na Sin, wanda in ya girma yakan zama mafaɗaci har ya riƙa manne wa jikin sauran kifi.

Duk wanda ka saya, in gansakukar ta ƙare sai ka ciyar da shi. Yankan kokwamba da aka ɗan tsoma a ruwan zafi ya isa, ka cire ragowar washegari.

10. Sinadari, in ya zama dole

Wanda nake yarda da shi ɗaya ne: haidurojin farokzaid mai ƙarfin kashi 3, irin na kemis da ake wanke ciwo da shi. Duba kwalbar ka tabbatar 3 ne, akwai mai 6. Hanya mafi aminci ita ce ka fito da dutsen ko itacen, ka fesa masa, ka bari minti 5, ka ɗauraye, ka mayar. In ba ya ciruwa, kashe matata, ja maganin a sirinji marar allura, ka ɗiga a kan gemun kai tsaye, kada ka wuce mililita 1 ga kowace lita 4 ta ruwan tanki. Ga lita 54, mililita 12 ya isa. Bayan minti 15 ka kunna matata. Za ka ga kumfa, cikin kwana ɗaya ko biyu gemun ya koma ja ko fari, ya mutu ke nan. Kada ka ɗiga kusa da kifi ko katantanwa, kada kuma ka maimaita a rana ɗaya.

Magungunan kwalba, karanta abin da ke ciki. Mai jan ƙarfe yana kashe katantanwa da jatan lande. Wasu kuma sukan ba da shawarar a fasa kafso na maganin ƙwayoyin cuta na mutane a zuba wa mai yauƙi. Ban goyi bayan wannan ba, yana iya taɓa ƙwayoyin matatarka, alhali duhun kwana uku da motsin ruwa suna yin aikin.

Abin da za ka gani

Makon farko kusan babu bambanci, a nan ne da yawa ke karaya. Kada ka duba tsohuwar gansakuka, duba wurin da ka goge: kwana nawa ya ɗauka kafin ya sake yin kore? In da kwana uku ne yanzu ya koma bakwai, kana kan hanya. Ɗauki hoto duk Juma'a daga wuri ɗaya, ido yana mantuwa. Zuwa mako na huɗu ko na shida ya kamata gogewa sau ɗaya a mako ta wadatar.

In wata ya cika babu sauyi, abu uku za ka bincika: ruwan da kake zubawa, wani a gida da ke ba kifin abinci a bayan idonka, da rana. Nawa tankin ya taɓa ƙin gyaruwa wata biyu duk da na bi komai. Sai wata Lahadi da ban fita ba, na ga wajen ƙarfe goma na hantsi rana ta ratso ta gefen labule ta kwanta a kan gilashin har kusan awa biyu, lokacin da kullum ina wurin aiki. Kwalin taliya na yanka na manna a gefen.